Hatimin Kwana Talatin

Wata biyu aka ce wa Ngatirah. Ta zo ta taya surukarta Laras jego, da ta warware sai ta koma garinsu Wonogiri wurin mijinta da gonar rogonsu. Ɗanta Danang ne ya faɗa da bakinsa a waya. Ga shi yanzu Bimo, jaririn da ta zo yi wa wanka, ya fara dafa kujera yana miƙewa, ita kuwa tana nan a hawa na goma sha huɗu a unguwar Jurong ta ƙasar Singafo, tana kokawa da gorar shanya.

Sai ta jera jiƙaƙƙun kaya a kan gorar, ta tura ta waje ta taga, ta lalubi ramin ƙarfen da ke jikin bango ta cusa gindinta, alhali nauyin yana neman fizgar ta ƙasa. Gora biyar take fitarwa kullum. Shekarunta sittin da huɗu, kafaɗarta ta dama kuwa ta daɗe da fara yi mata gardama.

Tana cikin tura ta uku sai 'yar na'urar nan mai ido ɗaya da aka kafa a saman firiji ta yi magana. Laras ce daga ofis. Bu suke ce wa tsohuwar, wato Mama.

"Bu, Bimo yana ta kuka tun ɗazu."

"Na ji shi, Nduk, 'yata. Hannuna yana waje."

"Kuma don Allah ki daina saɓa shi da zanen nan. Na karanta cewa ƙafa yake gwame wa yaro."

"Da shi na saɓi mijinki," in ji Ngatirah, "ga shi nan da ƙafarsa yake zuwa aiki."

Da yamma Danang ya dawo ya ce mata ta riƙa haƙuri da Laras, aikin banki da zafi yake.

Yadda abin yake shi ne, akwai takardar dogon zama da ake ba iyayen baƙin ma'aikata, amma sai albashin mutum ya hau wani tudu da na Danang bai ko hango shi ba. 'Yar aiki kuwa sai an biya ta, a biya gwamnati harajinta, a ba ta hutun Lahadi. Gidan raino layi ne har gaban ƙofa. To uwa ba ta da albashi, ba ta da Lahadi, ba ta kai ƙara ko'ina. Abin da take buƙata kawai hatimin baƙo ne na kwana talatin. Idan kwanakin suka kusa cika, ran Asabar Danang ya sa ta a jirgin ruwa zuwa Batam, wani tsibiri na ƙasarsu, tafiyar awa guda, su yini, su juyo da yamma a buga mata sabo. Ta taka ƙasarta da safe, ta kwana a ɗakin ajiya marar taga, tsakanin akwatuna da injin shara.

Duk dawowa sai ya yi mata bita a cikin jirgi.

"In jami'in ya tambaye ki me kika zo yi?"

"Raino."

"Haba, Bu. Sau nawa zan faɗa? Baƙo ba ya aiki. Hutu kika zo."

Ya koya mata kalmar da Turanci. Sai ta tsaya gaban gilashin jami'in ta faɗe ta, ta ɗora yatsunta da omo ya cinye a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, na'urar ta ƙi karantawa sai an goge an sake. Wata rana wata jami'a ta dubi hatiman da suka cika shafi, ta dubi hannun, ta ce cikin Malayanci, "Hutun nan naki da wahala yake, Iya." Ta buga mata dai.

Amma ranar Batam ita ce ranar da Ngatirah take ƙirga wa kwana. Da sun sauka Danang yake kai ta masallacin mata da ke saman babban kanti, ya saya mata shinkafa a ƙunshi, ya ce ta jira shi. Shi kuma ya tafi a yi masa tausa mai araha, ya ci kaguwa, ya sayo kek na tsarabar abokan ofis. Awa huɗu ba ya leƙowa. Saboda haka bai taɓa sanin cewa a ƙasan jakarta, cikin naɗin hijabin salla, akwai wata tsohuwar ƙaramar waya mai layin gida ba. A Singafo gawa ce. Da ta shaƙi iskar Batam sai ta farfaɗo. A gidan Jurong akwai babbar wayar da Danang ya ba ta, wadda ba ta aiki sai da intanet ɗin gidan, kuma sai maƙwabciyarsu ta ƙauye, Painem, ta kai wa tsohon tata wayar ake ganin juna, ana yi jikoki suna ihu, Laras tana duba agogo. Wannan ƙaramar kuwa kai tsaye take shiga aljihun mijinta Sarmidi.

"Wace ce?" haka yake ɗauka kullum. "Ban gane muryar ba. Na dai taɓa auren wata mai irinta."

"Tsohon banza. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ni na dafa, kaji ma sun ƙi ragowar. Madam ɗin Singafo, yaushe za ki zo ki ga talakawanki?"

"Sun ce sun kusa samun gidan raino."

"Tun akuyar nan tana da ciki ake kusa. Yanzu 'ya'yanta sun isa yanka."

Su yi ta yi har kuɗin wayar ya ƙare. A zuwa na tara ne ya ce mata kansa yana yawan juyawa in ya sunkuya a gona. Ta ce ya je asibiti. Ya ce in ta dawo ta raka shi, shi ba ya gane maganar likitoci.

Ba a rufa mako uku ba Painem ta kira babbar wayar da hantsi. Ta juya fuskar wayar, sai ga Sarmidi kwance a gadon katako, baki ya karkace, hannun hagu yashe kamar ba nasa ba. A kunyar rogo aka tsince shi. Ya ga matarsa, ya motsa leɓe, abin da ya fito ba magana ba ce.

Ta jira har aka zauna cin abincin yamma, don ba a tarar mai dawowa daga aiki da magana a bakin ƙofa.

"Le, ɗana, gobe zan tafi gida."

Danang ya ajiye cokali. "Na yi magana da likitan, Bu. Ya ce an tsallake haɗarin. Jinya ce kawai ta rage, kuma na sa a nemo mai kula da shi."

"Mai kula da shi tana nan zaune a gabanka."

Laras ta ce, "Bu, mun cike takardar neman ƙarin kwana a kan hatiminki. Idan kika fita alhali ba su amsa ba, sunanki zai shiga baƙin littafi. Ba ke kaɗai ba, har takardar Mas Danang tana iya taɓuwa. Ba ki san mutanen nan da doka ba."

"Kuma ga albishir," in ji Danang. "Gidan raino sun ba Bimo gurbi farkon Janairu. Ki daure mana zuwa lokacin. Ni da kaina zan kai ki har ƙofar gida."

Ngatirah ba ta karanta Turanci. Duk abin da aka ce mata doka ce, doka ce. Ta tashi ta kwashe kwanuka.

Daga ranar jikinta yana Jurong, hankalinta yana Wonogiri. Ta ƙona shinkafa sau biyu. Ta zuba wa babbar jikarta Kirana gishiri a madara. Ran Alhamis kafaɗar ta ƙi gaba ɗaya, gora ta suɓuce da kayan makarantar yarinyar, ta sauka hawa goma sha huɗu ta tarwatse a kan ciyawa. Allah ya sa ba kowa a wurin. Na'urar saman firiji ta yi ta magana har kusan azahar: tarar da ake ci a kan jefo abu daga bene, maƙwabcin da zai kai ƙara, mai gidan da zai tashe su. Ba a tambayi kafaɗa ba. Laras ta dawo da man zafi daga kanti, ta ajiye a ƙofar ɗakin ajiya, ta ce a riƙa rage kayan da ake jerawa, a ƙara yawan gorar.

Ran Litinin bayan sallar asuba wayar Danang ta yi ƙara. Ya shige banɗaki da ita, ya daɗe. Ya fito ya ja matarsa ɗaki, aka yi ƙus-ƙus. Sannan ya leƙo kicin, idonsa a kan tukunya.

"Aiki ya taso min a Jakarta, Bu. Yanzu zan bi jirgi. Ki goge min baƙar rigar nan."

Ta goge ta tas, har da karin hannu, ta ninke ta sa masa a jaka.

"In ka samu sarari ka kira Painem, ka ji jikin babanka."

"To."

Kafin Laras ta fita ta karɓi babbar wayar, wai an ce irinta tana kama wuta, za ta kai a duba batirin. Ranar na'urar firiji ba ta ce uffan ba. Washegari ma haka. Laras ta dawo da gasasshiyar kaza, ta ce Bu ta huta da girki, har da tambayar ya kafaɗa. Ngatirah ta karɓa ta yi godiya, amma abin ya tsaya mata a rai. Tsohuwa ta san ruwa ba ya tsami banza.

Ran Laraba Danang ya dawo, ido jawur, ya ce gajiya ce. Ta ɗauki takalmansa za ta goge, sai ta ga jar laka ta bushe a ƙasansu.

"Jakarta akwai jar ƙasa haka?"

"Wurin gini aka kai mu."

Ta kankare ta da tsohon buroshi a bakin magudanar banɗaki, ta kora da ruwa.

"Ka ji jikin nasa?"

"Da sauƙi. An kai shi babban asibiti a Solo, sun hana waya a ɗakin."

Ran Juma'a ya ce ta shirya, gobe Batam. Ta dube shi.

"Ba kun ce in na fita sunana zai shiga baƙin littafi ba?"

"Sun ƙi ba da ƙarin kwanan. Yanzu fitar ce dole. Amma dole ne kuma a dawo a ranar, in ba haka ba lissafin ya lalace."

Dokar nan dai kamar ƙullin fulawa take a hannun Danang, duk siffar da yake so ita take ɗauka.

Ya ajiye ta a masallacin mata kamar kullum, da ƙunshin shinkafarta. Ta jira ya ɓace cikin mutane, ta warware hijabin, ta kunna ƙaramar wayar. Ta san an ce yana asibiti, amma ta ce ko ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauka, a sa masa a kunne ya ji muryarta.

Bugu biyu aka ɗauka. Abin da ta fara ji shi ne ƙarar tukwane da surutun mata da yawa, da wani zakara da ta san caransa.

"Yu Rah?" Muryar Painem ce, haka take kiranta, wato Yaya Ngatirah. "Ke ce? Alhamdu lillahi, sun sake ki?"

"Su wa?"

"Hukumar can mana. Danang ya ce sun riƙe fasfonki, ya yi kuka ya yi roƙo sun ƙi. Kina ina yanzu? Za ki iso kafin gobe?"

"Ina Batam. Nem, me kike yi da wayarsa? Ba yana Solo ba? Kai masa, ko numfashinsa in ji."

Surutun matan ya yi nisa, alamar Painem ta fita bayan gida.

"Yu... wa zan kai wa?"

Ngatirah ta ƙara manna wayar a kunne.

"Inna lillahi. Ba su faɗa miki ba. Yu, tun asubar Litinin. Bayan la'asar aka kai shi, an jira Danang ya iso. Gobe sadakar bakwai, ita muke wa aiki."

Ta tambaya ko ya sha wahala. Painem ta ce a'a, sai dai kwana biyun ƙarshe ya ƙi sakin wayar nan, da hannun da ke aiki ya damƙe ta, sai da aka zo wanka aka zare ta. Ngatirah ta ce to. Ta ce a jiƙa shinkafar da ke cikin randar ɗaki, ba ta buhu ba, ita yake so. Ta kashe wayar, ta yi alwala, ta yi salla raka'a biyu. Wata mata da ke gefe ta miƙo mata ruwa ba tare da ta tambayi komai ba.

Ƙarfe uku Danang ya dawo, kwalayen kek uku a hannu, jikinsa yana ƙamshin man tausa. Ya tarar da ita a tsaye a ƙofar masallacin, jaka a kafaɗa.

"Mu je, Bu, jirgin ƙarfe huɗu za mu bi."

"Ka zuba masa ƙasa?"

Ya gyara riƙon kwalayen.

"Tambayarka nake, Le. Ka shiga ramin ka karɓe shi?"

"Na shiga."

"To madalla. Ni kuma na wanke maka takalmin."

Ya ajiye kwalayen a ƙasa, ya waiwaya ko ana kallonsu. "Bu, ki saurare ni. Hawan jininki muka duba. In muka faɗa miki haka kwatsam a bene, kika faɗi, asibitin can ba sa yi wa baƙo rangwame. Mun ce sai mun lallaɓa ki tukuna."

"Zuwa yaushe?"

"Zuwa... in abubuwa sun daidaita."

"Janairu."

"Ko kin je ba dawo da shi za ki yi ba, Bu. Rai ya riga ya yi halinsa. Na yi masa komai, na sa an kafa rumfa, na sayi akuya biyu, ba wanda zai ce an wulaƙanta shi." Muryarsa ta fara rawa, da gaske kuwa, don shi ma ubansa ne. Amma bakin bai tsaya ba. "Ki duba mana. In kika shiga takaba a can, wata huɗu da kwana goma ne. Wa zai riƙe Bimo? Laras ta cinye hutunta. In ta bar aiki ba za mu iya biyan haya ba. Na tambayi wani malami a intanet, ya ce in da larura mace tana iya takabarta a duk inda take."

"Ka samu lokacin tambayar malami."

"Bu..."

"Kwana shida ina takaba ban sani ba. Matarka tana kawo min kaza."

Ta kai hannu kunne ta kwance 'yan kunnenta na zinariya, ɗaya bayan ɗaya. Mai takaba ba ta ado, kuma akwai shagon masu sayen zinariya a hawan ƙasa, ta sha wuce shi. Ta nufi matakala. Ya kwashi kwalayensa ya biyo ta.

"Ina za ki? Fasfonki yana hannuna fa."

"Riƙe abinka. Nan ƙasata ce. Ba mai tambayata me na zo yi."

Katinta na ɗan ƙasa yana cikin jakar, shi kaɗai ake nema a filin jirgi. Mai shagon ya auna 'yan kunnen, ya biya ta, ya ce akwai jirgin sama zuwa Yogya, kusa da garinsu, da yamma in ta yi sauri. Danang ya zaro kati daga walat ya ce ta bari shi ya saya mata tikitin, kada mutane su ji. Ba ta ko dube shi ba. Ya ce ko sallama ba za ta yi da jikokinta ba, Kirana za ta yi ta kuka. Wannan ta soke ta, don ta san gaskiya ce, yarinyar ba ta barci sai ta riƙe gefen zanenta. Ta tsaya jim, sannan ta ci gaba da tafiya.

Tana layin tasi ta jiyo shi a bayanta, ya juya baya, ya toshe kunne ɗaya da yatsa, yana waya da Laras, wadda yake ce wa Dik.

"Dik, ta sani... A'a, ba za ta dawo ba, na yi na yi... Kira mamarki a Madiun yanzu. Fasfonta bai mutu ba ko? To. Kada ki faɗa mata dalili. Ki ce jikoki ne suke kewarta."

Ya duba agogo. Saura minti ashirin jirgin ruwa ya tashi. Ya sumbaci hannunta da sauri kamar yadda ɗa na gari yake yi, ya ruga da kek ɗinsa.

Dokar mutanen can mai tsauri ce, ba mai musu. Ta ce talakan ma'aikaci ba zai ajiye uwarsa kusa da shi ba, ta ce baƙo kwana talatin. Amma duk wanda ya karanta ta daga farko har ƙarshe ba zai ga inda ta ce a kwantar da uwa a ɗakin ajiya ba, ko a karɓe mata waya, ko a ba ta rigar zuwa jana'izar mijinta ta goge. Wannan a gida aka rubuta shi, a kan teburin cin abinci, kuma masu digiri ne suka rubuta. Irinsu suna da yawa a jirgin Asabar. Ka duba layin da kyau za ka gan su, kowa riƙe da fasfo biyu, tsohuwa tana biye da shi tana maimaita kalma ɗaya a ƙasan leɓe.

Ngatirah ta isa ƙauye da hantsin Lahadi, bayan ta kwana a benci a tashar mota. Ba ta shiga gida ba sai da ta je maƙabarta. Ƙasar ba ta gama kwanciya ba, furen da aka watsa ya bushe. Ta zauna a gefe ta daɗe, ba wanda ya ji abin da ta ce.

A gida mata sun cika tsakar gida suna ƙunsa shinkafar sadaka a ganyen ayaba. Suka taso suka rungume ta, aka yi kuka. Sannan aka shiga tsine wa dokar Singafo, wadda ta raba mata da gawar mijinta, ƙasar da ba tausayi sai bene. Wata ta ce ai Danang ya faɗa musu komai, har ofishinsu ya je ya durƙusa. Wata ta ce ba ta taɓa ganin ɗa ya yi kuka a bakin kabari kamarsa ba, ga rumfa, ga akuya biyu, daga wata ƙasa ya taso a yini ɗaya.

Painem, wadda ita kaɗai ta san yadda labarin ya iske Ngatirah, ta sunkuyar da kai tana yanka ganye. Kalma ɗaya ta isa ta sa Danang ya kasa sake taka ƙauyen nan. Ngatirah ta dubi matan, ta dubi ƙofar ɗakin da aka fitar da gadon katako aka jingine a rana. Ta wanke hannu, ta zauna a tabarma, ta jawo ganye.

Matar limamin ƙauyen ta dafa kafaɗarta, mai ciwon.

"Ki gode wa Allah, Yu. Ya ɗauke miki miji, amma ya ba ki ɗa."

"Ya ba ni," in ji Ngatirah. "Miƙo min ludayin nan."